Kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Maganar inuwa da garka a garuruwanmu

Jama'ar bakin iyaka, daga Gaya zuwa Ƙwanni, daga Ɗan Isa da Madarunfa zuwa Matamai da Magariya.

Ranar Lahadi 13 ga watan Disamba na 2020 ce aka sa don ku zaɓi kansilolin da za su fitar muku da magajin gari. Kafin wannan rana, rabon da a nemi ra'ayinku a kan wannan tun watan Janairu na 2011. Wa'adin shekara biyar aka ba waɗanda aka zaɓa a lokacin, sai da aka kusa cika goma, saboda masu mulki sun yi ta ɗage zaɓen, yau da wannan dalili, gobe da wancan. Yaron da aka sa lakwal a waccan shekara yau ya fara gemu. Iccen dogon yaro da aka dasa a waccan shekara, da ya samu mai ba shi ruwa, yau da mutum ashirin na zaune ƙarƙashinsa suna shan shayi. Ku leƙa titin unguwarku ku gani ko yana nan.

Na san abin da wani zai ce tun kafin ya ƙare karanta wannan takarda. Zai ce, Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ƴan kasuwa sun karye, masu lodi da direbobi na zaune, kwanon hatsi ya yi tsada, kai kuma ka zo mana da maganar itatuwa da ganye. Gaskiyarka, ɗan uwa. Amma magajin gari ba shi da makullin iyaka. Ba shi zai buɗe hanyar Jibiya ko ta Illela ba, kuma duk ɗan takarar kansila da ya yi maka wannan alƙawari, ka san ya raina maka hankali. Abin da ke hannun magajin gari shi ne filin gari da magudanar ruwa da shara da kuɗin tikitin kasuwa. A kan waɗannan ya kamata ku auna shi, kuma a cikinsu ne inuwa da garka suke.

Mu fara da zafi. A watan Afrilu da Mayu kowa ya san yadda rana ke yi a nan, ma'auni ya wuce digiri 40, kwanon ɗaki ya zama tanda, wuta kuma ta ɗauke a daidai lokacin da ake buƙatarta. Mai hali ya tada janareta ya shige ɗakin sanyi. Ku fa? Mai faci, mai gyaran waya, ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja, iyarmu mai tuyar ƙosai da awara, duk a bakin titi suke neman na tuwo. Ga waɗannan inuwa jari ce. Inda akwai icce, nan mai shayi ke aje teburinsa, nan fada ke zama, nan ciniki ke kankama. Inda babu, da ƙarfe sha ɗaya kowa ya tattara kayansa, sai la'asar. Ku ƙirga awannin da rana ke cinye wa talaka a kowace bazara, za ku ga cewa ba maganar ƙawa nake yi ba. Haka yaranmu da ke karatu a rumfar kara, a filin lakwal wanda ko kaza ba za ta samu wurin fakewa ba. Haka matan da ke layi da jarirai a ƙofar likita.

Za a ce ai ana dasawa. Ana dasawa kam. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, ta zama ranar dashen itatuwa a ƙasar nan. Zuwa 2020, shekara 45 ke nan. Kowace shekara manya su sa farar riga, a kawo makaɗa, a haƙa rami, a ɗauki hoto, a watse. Da rabin abin da aka dasa a waɗannan shekaru ya rayu, da yanzu daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa a cikin inuwa ake tafiya. Dalilin mutuwarsu ba ɓoyayye ba ne, kowane manomi ya san shi. Iccen da aka sa a ƙasa ranar 3 ga Agusta, ruwan sama na wata biyu kawai ya rage masa, in ma damina ta yi kyau. Daga Oktoba har Yuni yana buƙatar mai ba shi ruwa, rani biyu a jere, kafin saiwarsa ta kai inda danshi yake. Yana buƙatar shinge, na ƙaya ko na bulo ko na saƙar kaba, don awakin gari ba su san bikin ƙasa ba. A kasafin kuɗin bikin akwai kuɗin rumfa da kujeru da man mota. Kuɗin ban ruwa na wata takwas, wa ya taɓa ganinsa?

Sai kuma bikin 18 ga Disamba mai zagaya jahohi. An yi Maraɗi Kwalliya a 2015, an yi Tawa Sakola a 2017, an yi Zinder Sabuwa a 2018. Ba zan ce ba a yi komai ba, idanunku sun ga kwalta da fitilu da shataletale da sababbin gine-gine, kuma wanda ya musa abin da ido ya gani ya zubar da mutuncinsa. Tambayata ita ce wadda mata ke yi in an dawo daga biki, shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Titin da aka shimfiɗa wa kwalta ba tare da layin itatuwa a gefensa ba, zafi yake sha da rana ya mayar wa mutane da dare. An ƙawata hanyar da manyan baƙi za su bi daga filin jirgi zuwa masauki. Unguwannin da ke bayan wannan hanya, da ƙananan garuruwan iyaka irin naku waɗanda kuɗin kwastan ke fitowa daga ƙofarsu, sai dai suka ji labari a rediyo.

Aikina a jam'iyya fassara ne, ina mayar da takardu daga Faransanci zuwa Hausa. Akwai kalma guda da ke ba ni wuya kullum, wadda ke cikin kowace taswirar yankan filaye, wato espace vert. In na ce koren fili, jama'a su yi dariya, don filin da suka sani da wannan suna ba kore a cikinsa, sai shara da leda da kashin yara. Ma'anarta dai ita ce, duk sa'ad da aka yanka sabuwar unguwa, ana ware filin lakwal da na likita da na kasuwa, a kuma ware wani na itatuwa da shan iska. Wannan filin na jama'a ne, naku ne. Abin da ke faruwa da shi kun fi ni sani. Ya zauna shekara biyar yana tara juji, wata safiya ku tashi ku ga an zuba yashi da bulo, a ce wani ya saya da takarda. Sayar da fili ita ce hanya mafi sauƙi da komin ke samun kuɗi, shi ya sa filin da ba ya da mai tsaya masa shi ake fara yankawa.

Ku dubi Yamai ku ɗauki darasi. Tun 1965 aka fara dasa wani dogon ɗamarar itatuwa kewaye da birnin, sama da hekta 2,000, mafi yawa dogon yaro, don tare iska da rairayi. Aikin shekaru ne, da gumin mutane da yawa. Yau babban ɓangarensa ya koma gidaje da juji, an yanka an sayar a gaban idon hukuma. In ɗamarar babban birni, wanda ministoci ke wucewa ta gabansa kullum, ya zama haka, me zai kare ɗan filin unguwarku in ba kansilan da ke jin tsoron ƙuri'arku ba?

Maganar tapki ma haka take. Kowane tsohon gari na da kududdufai inda kakanninmu suka ɗebi ƙasar gini. Waɗannan ramuka su ne cikin gari, nan ruwan sama ke taruwa ya nutse. Aka cika su da shara, aka daddale, aka yanka, aka sayar. Ruwa kuwa ba ya mance hanyarsa. Daminar 2020 kun ga abin da ya faru, kogin Kwara ya fasa madatsa a Yamai ya cinye unguwanni, jahar Maraɗi kuma na cikin waɗanda suka fi asarar gidaje. Ruwan sama na Allah ne, ba mai ja da wannan. Amma magudanar da leda ta toshe, da tapkin da aka sayar, aikin mutum ne. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigowa da sayar da baƙar leda maras kauri a ƙasar nan. Ku je kasuwa gobe ku sayi barkono na dala biyar ku ga a cikin me za a ƙulle muku shi. Tapkin da aka yashe, aka kewaye da itatuwa, aka ba matan unguwa gefensa su yi garka, zai riƙe ruwan damina, ya ba da ganye har tsakiyar rani. Wanda aka bari da shara kuwa sauro kawai yake haifarwa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, ilimin wannan aiki a ƙofar gidanmu yake. Duniya na zuwa jahar Maraɗi koyon rayar da itatuwa. A shekarun 1980 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba matattu ba ne, saiwarsu na da rai a ƙasa. Manomanmu suka karɓi abin suka mayar da shi nasu, suka kira shi sassaben zamani. In ka zo sassabe, ba za ka ƙone tohon ba, sai ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka datse saura. Da wannan dubara, ba tare da bikin kowa ba, gawo da kalgo da sabara suka dawo a hekta wajen miliyan 5, ana lissafin itatuwa kusan miliyan 200. A kwarin Majiya, wajen Buza, layukan dogon yaro da aka fara dasawa tun 1975 don tare iska sun nuna wa kowa abin da icce ke yi wa gona. A garin Maraɗi ne kuma aka yi babban taron ƙasa na 1984 kan yaƙi da hamada, wanda ya bar abin da ake kira Alƙawarin Maraɗi. Me ya sa na ƙauye ya rayu, na birni ya mutu? Saboda manomi ya san iccen nasa ne, shi zai ci moriyar reshensa da ƴaƴansa. Iccen bakin titi kuwa maraya ne, ba wanda aka ce wa ga naka.

To a ba shi uba. Mai shagon da aka dasa icce a ƙofarsa, a rubuta sunansa, in iccen ya kai rani biyu da rai a rage masa wani abu a kuɗin da yake biya wa komin. Kowane masallaci na zubar da ruwan alwala sau biyar a rana, ruwa mai tsabta da ke kwanciya a lungu yana wari. Ɗan gajeren bututu da rami mai tsakuwa sun isa su kai shi gindin itatuwa huɗu ko biyar. Ƴan fada da ke zaune ba aiki, a ba kowace fada titi guda da amalanke da tano, a biya su a kan iccen da ya rayu, a ƙirga a watan Mayu, lokacin da ƙarya ba ta yiwuwa. Kuma a daina dasa iri guda. Dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, yana da saurin girma da juriya, amma baƙo ne daga Indiya, kuma ba ya ba yaro abin sawa a baka. A haɗa da tsamiya da kurna da aduwa da mangwaro inda ruwa ke kusa. A bakin gari a bar gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, daidai lokacin da mutum da dabba ke neman mafaka.

Yanzu ga maganar tukunya, iyayenmu mata, wannan taku ce. Rufe iyaka ya koya mana cewa abin da ka saba saye daga nesa, rana ɗaya ana iya yanke maka shi. Mu kuwa ba baƙin garka ba ne. Albasar Galmi har Akara da Abijan ake neman ta. Zogalen Jiratawa, raken Matamai da Magariya, gandun noman rani na Ƙwanni, garaken Mirya, duk hannun mutanenmu ne. Abin da ya rage shi ne a shigo da wannan hannu cikin gari, cikin gida.

Ba sai kina da fili ba. Buhun shinkafa da ya ƙare ya isa. Ki tsayar da shi, ki sa gwangwani maras gindi a tsakiya ki cika da tsakuwa, ki zuba ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen takin awaki kewaye da shi, ki riƙa jan gwangwanin sama kina ƙarawa har buhun ya cika. Tsakuwar nan ita ce hanyar da ruwa zai bi ya sauka har ƙasa. Ki huda gefen buhun ki sa dashe, a kai kuma ki shuka alayyafo ko yakuwa ko lalo. A unguwannin talakawa na Nairobi da haka mata ke ciyar da gida. A Dakar kuwa, tun 1999 ake yin garka a kan tebur, a tsakar gida da saman soro. Teburin katako ne da aka shimfiɗa wa leda mai kauri, a maimakon ƙasa a zuba ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafa, su riƙe danshi, ga shi ba nauyi. Ɓawon gyaɗa! Abin da mu a ƙasar gyaɗa muke zubarwa a juji. Su can suna ƙara wani ruwan taki na saye, kuma nan ne komin ke da aiki, ta samo iri da taki da mai koyarwa, don kada abin ya tsaya a hannun masu hali. Zogale biyu a bayan ɗaki, in ana datse kansu don su yi rassa, cikin wata uku sun fara ba da kwaɗo. Ruwan wankin hatsi da na ɗauraye kwano ya ishe su. Ruwan wanka mai sabulu dai a kai shi gindin babban icce, kada a zuba wa ganyen da za a ci ɗanye.

Ba na ce buhu uku za su maye gurbin gona ba. Amma kuɗin cefanen da kike ba mai kayan miya kowace safiya, in rabinsa ya zauna a haɓar zanenki, a ƙarshen wata kin san abin da ya zama. Kuma tsarin da zai ɗauki wannan aiki yana nan tun tuni. Asusun Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi aka fara shi a 1991, yau ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. Ƙungiyar matan da ta iya riƙe akwatin kuɗi shekara da shekaru ba tare da dala ta ɓace ba, za ta iya riƙe filin unguwa fiye da kowane ofishi. A ba su filin a rubuce, da rijiya da shinge, ku ga in wani zai iya zuwa da dare ya zuba bulo.

Akwai masu cewa icce na kawo sauro. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, a tsohuwar taya da toshasshiyar magudana. Akwai masu cewa saiwa na fasa katanga. Tana fasawa in an dasa a jikin bango, shi ya sa ake ja da shi taku huɗu ko biyar. Magana mai nauyi ita ce ta ruwa, musamman a wajen Damagaram inda mutane ke kwana a layin famfo. A irin wannan wuri ba wanda zai ce a ɗebi ruwan sha a ba fure, kuma duk mai shirin shimfiɗa ciyawar Turai a shataletale a sa masa ido. Can sai a bi itatuwan da suka saba da ƙishi, a tari ruwan indararo da damina, a yi amfani da ruwan da aka riga aka yi aiki da shi.

Kada kuma a ce muku magajin gari na adawa ba zai iya komai ba tunda ba shi da gwamnati. A Firitawun, babban birnin Saliyo, wata mace, Yvonne Aki-Sawyerr, ta ci kujerar magajin gari a 2018, a shekarar da jam'iyyarta ta rasa shugabancin ƙasa. A farkon 2020 ta ƙaddamar da shirin dasa itatuwa miliyan ɗaya a birnin, mutanen unguwanni ne ke dasawa suna reno. Ba ta jira izinin fadar shugaban ƙasa ba.

Ƴan takararmu sun amince da abin da zan faɗa, kuma na rubuta shi da Hausa don ku riƙe mu da shi. A cikin wata uku na farko za a liƙa taswirar kowace unguwa a ƙofar ofishin magajin gari da ƙofar mai unguwa, a nuna filayen jama'a da tapkuna ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya rage da wanda aka sayar, a karanta a rediyon gari don wanda bai yi boko ba ya ji. Ba za a ƙara yanka ko ɗaya ba sai a zaman majalisa na fili, ƙofa a buɗe. Kuɗin ranar 3 ga Agusta kuma, kaso mafi girma zai tafi ga shinge da ban ruwa, a rage rumfa da kujeru. A watan Mayu na kowace shekara magajin gari zai fito ya faɗi nawa aka dasa, nawa suka rayu, titi bayan titi, yadda kowa zai iya zuwa ya ƙirga da kansa.

Kafin ranar Lahadi ƴan takara za su zo ƙofar gidajenku, namu da nasu. Wasu za su zo da atamfa da sabulu da ƴan kuɗi a ambulan. Duk wanda ya zo, ku kama hannunsa ku kai shi filin da aka ware wa unguwarku, ko bakin tapkin da ruwansa ya shiga ɗakunanku a watan Agusta. Ku tambaye shi na wa ne wannan wuri a takarda yau, kuma me zai zama nan da shekara biyu. In ya riƙe kujerar tun 2011, ku ce ya nuna muku icce goma da suka rayu a hannunsa. Sa'an nan ku duba katinku na zaɓe tun daren Asabar, ku fita da sassafe kafin layi ya yi tsawo, don a mafi yawan rumfunan zaɓenmu a rana ake tsayuwa.